Jin ciwon arzikin mugu: hassada ce ko kukan neman adalci?

Ɗan Auta: Salama a gare ku. Jiya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki wani ya ce duk mai bin da ya ga mugu yana bunƙasa har abin ya sosa masa rai, to hassada ce, bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Da maganar na kwana. Ni dai ban yarda ba, ina so in ji ta bakin manya.

Baba Dattijo: Ɗana, gaskiya ya faɗa. Da wannan gargaɗin Zabura 37 ta fara: kada mu damu saboda masu mugunta, kada mu yi ƙyashinsu, don kamar ciyawa za su bushe. Kai kake ƙuna, shi yana sharar barcinsa.

Maman Biyu: Baba, a gafarce ni, zan sa baki. Shekara 35 maigidana ya yi yana koyarwa, alli har ya tsattsage masa yatsu. Yau shekara huɗu da ritayarsa, garatuti shiru, don wanda fayil ɗin ke hannunsa ya ce sai an yanka masa kasonsa, maigida kuwa ya ƙi. Mutumin nan ya tayar da bene a unguwarmu. Kullum da asuba ta ƙofarsa nake wucewa da kaskon ƙosai a kai, janaretonsa na ruri. Ba benensa nake so ba. Abin da ke cin raina shi ne gumin mijina na cikin bulon nan. Wannan ne hassadar?

Malamin Lahadi: Mama, Asaf ya riga ki shiga wannan hali. Balawe ne, shugaban mawaƙan da Dawuda ya naɗa, zabura guda goma sha biyu ke ɗauke da sunansa. A ta 73 bai ɓoye komai ba: ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame, don ya ga masu girman kai jikinsu luwai-luwai, wahalar da ke samun kowa ba ta samunsu. A aya 13 har ya ce ashe a banza ya tsabtace zuciyarsa. Mai jan waƙa a gaban jama'ar Allah ke nan fa. Kuma ba a cire maganar daga Littafin ba.

Baba Dattijo: Malam, ka ƙarasa karatun mana. Shi da bakinsa ya kira abin ƙyashi, a aya 22 kuma ya ce ya zama kamar dabba a gaban Allah. Sai da ya shiga Wuri Mai Tsarki ya ga ƙarshensu, ya gane a kan santsi suke tsaye.

Ɗan Auta: Nan ne nake tsayawa, Baba. Wane ƙarshe? Ayuba 21 ya ce mugaye suna tsufa, suna ganin 'ya'yansu sun kafu, su ƙare kwanakinsu cikin wadata. Mu ma mun ga irinsu, an binne su da ganga da jawabai. In muka ce wa Mama ta jira ta ga benen ya rushe, alhali wataƙila ba zai rushe a idonta ba, me muka ba ta?

Malamin Lahadi: Ba faɗuwar mugu ce ta warkar da Asaf ba. Duba aya 25 da 26: ya ce ba shi da kowa a sama sai Allah, ko jikinsa da zuciyarsa sun gaza, Allah ne rabonsa. Irmiya ma a sura 12 ya kai ƙarar nan kai tsaye gaban Ubangiji, ya tambayi dalilin da hanyar mugaye ke yin albarka.

Maman Biyu: To bari in faɗi wadda ta fi yi mini zafi. Ranar godiyar kaka aka ɗauko wa mutumin nan kujera mai laushi aka ajiye a gaba, aka sanar da kuɗin da ya bayar, aka yi guɗa. Maigidana yana benci na baya da kwanon masararsa a cinya. Asaf ya shiga Wuri Mai Tsarki ya sami sauƙi. Ni na shiga na tarar da shi a can.

Malamin Lahadi: Yakubu 2 ya hana wannan ƙarara, ya yi maganar mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye. A sura 5 kuma ya ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan ya kai kunnen Ubangiji.

Baba Dattijo: 'Yata, a kan kujerar nan ba ni da bakin magana, ina wurin kuma ban ce uffan ba. Amma zan tambaye ki, don ina tsoron abin da ciwo ke zama in ya daɗe: kina iya yi masa addu'a?

Maman Biyu: Wata rana ina iyawa, Baba. Wata rana kuwa in na ji ƙarar janareton nan, abin da ke zuwa zuciyata ba addu'a ba ce.

Baba Dattijo: Wannan ta biyun ita nake nufi tun farko. Ranar Asabar dattawa za su zauna, zan tayar da maganar kujera da sanar da baiko. Ki ce wa maigida ya zo da takardunsa.

Ɗan Auta: Zan raka shi. Amma Baba, har yanzu ban yarda a haɗa ta farkon da ta biyun a kira su da suna ɗaya ba.