Gadar Ngeli: wace buƙata za mu sa a gaba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwa. Ina sarin tumatir da ayaba a Kusuri ta ƙasar Kamaru ina kaiwa Njamena, babban birnin Chadi, ta gadar Ngeli. Tsakanina da kasuwa kogin Logon ne kawai, amma makon jiya na shiga layi tun bayan asuba a bayan tireloli, ban fita ba sai da aka yi la'asar. Kwando huɗu na ƙasa duk sun tsiyaye, ruwan tumatir na bin ƙasan mota. Ƙungiyarmu za ta kai koke, kuma ni aka ɗora wa rubutun. Wasu sun ce mu roƙi ƙarin gada, wasu a tsawaita lokacin buɗewa zuwa dare, wasu a haɗe ofisoshin ƙasashen biyu wuri guda. Wanne ya kamata in fara da shi?

Baba direba: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Na daɗe ina jan tirela daga Duwala zuwa Njamena, tafiyar kusan kilomita 1,800. Hawa gadar ba ya cin minti biyar. Takarda ce ke kwantar da mu. A duba kaya a wannan ƙetare, a buga hatimi, ka haye, a sake kwance tamfol ɗin da ka ɗaure yanzun nan. Ko gada goma aka gina, in dai dubawa biyu ce, layin na nan.

Hajiya mai atamfa: Baba ya faɗi gaskiya, amma kada a raina sabuwar gada. A 2025 aka buɗe ta Yagwa a Kamaru zuwa Bongor a Chadi, mita 620 a kan wannan kogin, kuma duk motar da ta bi can ta rage mana cunkoso. Sai dai tunda an yi waccan, roƙon wata yanzu ɓata takarda ne. Ni abin da ke ci min rai shi ne mai ɗauke da ƙulli ɗaya a ka da mai kwantena su bi layi ɗaya. A ware hanyar masu ƙafa da ƙananan 'yan kasuwa, a sa kayan gwari a gaba. Wannan igiya da allo kawai yake buƙata, da umarnin manya.

Malamin fiton kaya: Yallaɓai, ofishin haɗin gwiwa ba sabon abu ba ne. A Chirundu, gadar Zambiya da Zimbabuwe a kan kogin Zambezi, an fara shi tun 2009: mota ta tsaya sau ɗaya, jami'an ƙasashen biyu su duba tare. Najeriya da Benin sun buɗe nasu a Seme a 2018, Kamaru kanta ta yi da Najeriya a Mfum a 2022. Amma gini shi kaɗai ba ya aiki. Sai an yi yarjejeniyar da za ta ba jami'in wata ƙasa ikon aiki a ƙasar maƙwabta, sai kwamfutocin kwastam biyu sun riƙa musayar bayani, sai an samu wutar lantarki ba ɗaukewa. Abu ne na shekaru. Ka sa shi a takardar, ka tuna musu cewa Kamaru da Chadi duk 'yan CEMAC ne, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, masu kuɗi ɗaya, sefa.

Baba direba: Batun dare kuwa, a bi a hankali. Tun hare-haren Boko Haram a Njamena a 2015 aka tsaurara tsaro, ba za su amince da buɗewa har asuba ba. Ku roƙi a buɗe da sassafe sosai, kafin rana ta dafa kayanku.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Hajiya da Malam. Zan fara da layin kayan gwari da buɗewar sassafe, ofishi ɗaya ya biyo baya. Malam, ko za ka duba min Faransancin kafin Juma'a?