App ɗina baya tashi da kansa in saba ta mutu ta dawo, ku taimaka

Mai shago: Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata ƴar saba (server, wato kwamfutar da ake bari a kunne tana gudanar da app) a shago, Linux ɗin Ubuntu 22.04 ce a kai, na ɗora wani app na Node da muke lissafin kaya da shi. Na rubuta masa fayil a /etc/systemd/system/lissafi.service, in na buga systemctl start lissafi yana tashi lafiya lau, amma da an ɗauke wuta batir ya ƙare sai saba ta dawo shi kuma shiru, dole sai na shiga na tayar da hannu. Jiya ina hanya yaran shago suka yi ta kirana, kwastomomi a tsaye, wallahi abin ya dame ni.

Ɗan Linux: Wa'alaikumus salam. Malam start na yanzu-yanzu ne kawai, baya tuna komai bayan ribut. Wanda kake nema shine sudo systemctl enable lissafi, sai ka duba da systemctl is-enabled lissafi.

Mai shago: Na gwada yanzu, ya zubo min dogon turanci wai fayil ɗin bashi da installation config.

Tsohon admin: To ga matsalar nan, babu sashen Install a fayil ɗinka. Ƙara shi a ƙasa, ka rubuta [Install] irin yadda ka rubuta [Service], ka sa WantedBy=multi-user.target a ciki, don wannan layin ne enable yake karantawa ya san inda zai rataye sabis ɗin. Kuma duk sanda ka taɓa fayil ɗin ka buga systemctl daemon-reload, in ba haka ba systemd, wato manhajar da ke tayar da sabis a Linux, tsohon fayil ɗin zai ci gaba da gani, ni wannan ya taɓa cinye min dare guda ina gyara ina gyara ba canji.

Amma ƙanena kar ka tsaya nan. In app ɗin da MySQL yake aiki zai iya rigan database ɗin tashi ya faɗi, sa After=mysql.service da Wants=mysql.service a sashen Unit. Sannan Restart=on-failure da RestartSec=5 a sashen Service, kar ka bar na biyun don Allah, shi ke sa a jira daƙiƙa 5 kafin a sake tayar da app ɗin, saboda systemd in ya tayar da sabis sau 5 cikin daƙiƙa 10 haƙura yake ya barshi a kwance. In har yanzu ya ƙi, journalctl -u lissafi -b zai nuna maka abin da ya faru tun daga kunnawar ƙarshe.

Mai shago: Yallaɓai Allah ya saka da alheri, MySQL ɗin ne kuwa nake amfani da shi. Na saka duka, bayan an rufe shago na yi ribut sau biyu kuma duka ya tashi da kansa. Saura in gani ranar da batir ya ƙare da gaske.