Renfield: bawa ne ko bara?

Maman Ummi: Jama'a, raina a ɓace yake tun jiya. Na gama karanta Dracula, littafin Bram Stoker na 1897, kuma Renfield ne ya tsaya mini a rai. Dattijo mai shekara 59, a kulle a asibitin masu taɓin hankali na Dokta Seward, yana ciyar da gizo-gizo da ƙudaje, ya ciyar da tsuntsaye da gizo-gizon, sannan ya cinye tsuntsayen. Shi kuwa likitan ya mai da shi abin nazari, kullum sai naɗar bayani a kansa. Ina da ƙane mai irin wannan lalura, na san kallon da ake yi musu. Wallahi likitan ma ya zalunci bawan Allahn nan.

Ɗan Kurmi: Bawan Allah kuma, Hajiya? Bawan Dracula dai, mai shan jinin mutanen nan. Da bakinsa ya kira kansa bawansa.

Malamin Adabi: A'a, bara ne. Bawa kamo shi ake yi ko a sayo shi. Wannan alkawarin ɓeraye aka yi masa, shi da kansa ya ba Dracula izinin shiga asibitin.

Yaya Babba: Malam, wane irin "da kansa"? Wanda hankalinsa ya gushe ai an ɗauke masa alƙalami.

Ɗan Kurmi: Ai tun da ya je Transylvania, ƙasar Dracula, aka bautar da shi.

Malamin Adabi: Wannan a fim ɗin 1931 ne. A littafi wani lauya, Jonathan Harker, shi ne ya yi tafiyar. Ka karanta kafin ka sa baki.

Ɗan Kurmi: Kullum sai ka nuna mana ka yi jami'a. Haka ka yi mini ranar Juma'a.

Yaya Babba: Gaskiya Malam, ɗabi'arka ce, kuma ƙanena ne kake yi wa.

Maman Ummi: Don Allah, ni fa maganar likitan nake yi. Kuma kun manta Renfield ya yi kokawa da Dracula saboda Mina, matar Jonathan Harker, har ya rasa ransa?

Malamin Adabi: Yauwa, kin ga hujjata. Bara ne ke iya juya wa ubangidansa baya.

Yaya Babba: Bayi nawa suka yi tawaye a tarihi?

Shugaban zaure: To, a dakata haka. Abin da na fahimta, Malam ya kafa hujja daga littafi cewa bara ne, sauran kuma fim suka kalla. Mun gode, Malam. Hajiya, Allah Ya ba ƙanenki lafiya.