Muhawara kan 2,147,483,647: wa ya yi aikin da hannu?

Ɗan Mabera: Abin nan yana ci mini rai. Yaranmu masu karatun kwamfuta sun haddace 2,147,483,647 a matsayin iyakar lamba mai bit 32 (gurabe 32 na 0 ko 1 a kwamfuta, ɗaya na alamar ƙari ko ragi), har sun san agogon wasu na'urori zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Amma ba mai gaya musu cewa ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. A ninka 2 guda 31 a cire 1, ita ke nan. Masanin lissafi Euler ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, kuma ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu.

Malam na Runjin Sambo: Da hannu? Gyara, ƙanena. A 1876 masanin lissafi Lucas ya tabbatar da ta 2 guda 127 a cire 1, mai alƙaluma 39, ba da wata na'ura ba.

Ɗan Mabera: Malam, Lucas dabara ya yi, bai zauna ya raba ba.

Malama ta Gawon Nama: To Euler fa? Shi ma dabara ce. Ya san duk abin da zai raba ta sai ya zo a siffar 248n+1 ko 248n+63 (n kowace cikakkiyar lamba), kuma ba a wuce 46,340, tunda can saiwarta ta tsaya, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta kusa kai ta. Gwajin Lucas wanda wani masani Lehmer ya gyara ya fi sauƙi: fara da 4, ninka da kansa, cire 2, raba da 2,147,483,647, riƙe ragowar. Maimaita da ragowar, sau 29 duka, sifili zai fito, alamar ba ta rabuwa ke nan. Wanda bai riƙe ragowa kowane zagaye ba, lambobi za su fi ƙarfin takardarsa. Kuma kada a ce don 31 ba ta rabuwa ne: 11 ma ba ta rabuwa, amma 2047, wato a ninka 2 guda 11 a cire 1, ai 23 sau 89 ce.

Bakatsine: Kuna ta Euler, kun manta Al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta kan lissafin hatimi tun 1732.

Malam na Runjin Sambo: Wanga zance mi ya kawo shi nan? Hatimi tarawa ce, mu rabawa muke magana.

Bakatsine: Da Basakkwace ne, da kun sa shi gaba.

Malama ta Gawon Nama: A Masar ya rasu, ku ma ba ku riƙe shi ba.

Mai kula da zaure: A taƙaice, an yarda lambar ba ta rabuwa, kuma Euler da Lucas duk da hannu da dabara suka yi, amma ta Lucas ta fi girma kamar yadda Malam ya faɗa. Zancen Katsina a kai shi wani zaure.