Risefta: kunne ne, ƙofa ce, ko makarɓi?

1. 'Yan'uwa, ku taya ni. Ƙanwata tana karatu a jami'ar KNUST da ke Kumasi, jiya ta dawo Aboabo da aikin makaranta a kan ɗan tayin ɓera. Baba ya ce ta faɗa masa da Hausa abin da take karantawa. Ta fara daidai, tana kaiwa ga kalmar risefta sai ta tsaya cak.

2. Ga abin da ake nufi. A bangon kowace ƙwayar halitta akwai wani sinadari, rabinsa a waje, rabinsa a ciki. Idan saƙo ya zo daga maƙwabta sai ya kama shi ta waje, ya tayar da aiki ta ciki: rabu gida biyu, yi tafiya, ko kar ki mutu.

3. Riseftan da take karantawa sunansa Kit. Ɓera tana ɗaukar ciki kamar kwana 20. A tsakiyar wannan lokaci, ƙwayoyin da za su ba fata launi suna tasowa daga gadon bayan tayi, su gangaro ta haƙarƙari su nufi ciki. Kit ne ke jiyo musu saƙon da ke riƙe su da rai a hanya. In ƙwayar gadon da ke ƙera shi ta sami tangarɗa daga uwa ko uba, ba duka ƙwayoyin launin ke isa ba, sai a haifi ɓera da farin tabo a ciki, wurin da ya fi nisa. In daga duka biyun ne, sai jini ya yi ƙaranci, haihuwa ta gagara, wasu ma ba sa rayuwa. An daɗe da sanin waɗannan ɓeraye, amma sai a 1988 aka gano Kit ne sanadi. Mutane ma akwai masu farin gashi a goshi tun haihuwa saboda shi.

4. Baba ya ce, "Ai wannan ociyame ne." Muka yi dariya, amma bai yi nisa da gaskiya ba: a fadar Asantehene, sarkin Asante, shi ke karɓar magana ya isar. Sai dai ociyame kowa yake saurara, Kit kuwa saƙo ɗaya tak ya sani.

5. Ni na kawo kalmar ƙofa. Ƙanwata ta ƙi, kuma da gaskiyarta. Saƙon ba ya shiga, a waje yake tsayawa, labarinsa ne kawai ke kaiwa ciki. Kunne ya yi mini daɗi, amma ka ce wa dattijo jini yana da kunne ka gani.

6. Bayan isha'i na kai wa Malam maganar. Ya ce, "Ɗana, me ya kai ku nesa? Buɗe ya ba mu mabuɗi, karɓa ta ba ku makarɓi." Na ce Allah gafarta Malam, ai makarɓi mutum ne, kamar mai karɓar kuɗin motar tashar Kejetia. Ya ce jam'in ne zai raba gardama: mutane makarɓa, kayan aiki makarɓai, kamar mabuɗai.

7. Na tsaya a nan: makarɓi, makarɓai. "Kit makarɓi ne a bangon ƙwayar halitta." Baba ya gane a karon farko.

8. Saura abin da makarɓin ke kamawa. Saƙo muke ta cewa, amma ƙanwata ta ce ɗan aike ya fi. Mutanen Nima a Accra, ku me kuka ce?