Ɗana mai shekara 4 yana ajiye loma a kunci, ba ya haɗiyewa

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 yakan kwashe awa guda a kan abincin da bai fi cikin tafin hannu ba. Ba ƙin ci yake yi ba. Zai karɓi loma, ya ɗan tauna, sai ya tura ta gefen kunci ya bar ta a nan, wani lokaci har bayan an tashi. Abu mai laushi ko ruwa-ruwa yana wucewa nan da nan. Nama da duk abin da ke son tauna su ne matsalar.

Na kashe talabijin, na ɗauke waya. Na hana madara da kayan zaƙi awa 2 kafin abinci don yunwa ta kama shi. Na rage abin da ake zuba masa, ana yayyanka shi ƙanana. Na kuma bi shawarar ɗauke kwano bayan minti 30, ba faɗa ba lallashi. Wannan ce ma ta fi ba ni takaici, don yakan tashi bai ci rabi ba, cikin dare ya farka da kukan yunwa. Likitan haƙori bai ga ruɓa ba, bayan gidansa lafiya lau, gwaji bai nuna ƙarancin jini ba.

Abin da ya hana ni yarda cewa hali ne kawai: yana barci baki buɗe, yana minshari, kuma yakan dakata da tauna don ya ja numfashi.

Shin kumburin naman makogwaro ko na bayan hanci zai iya jawo wannan, har in dakatar da dokar minti 30 sai likitan kunne, hanci da makogwaro ya duba shi?