Za mu bar Bronx, amma wane gari zan kai iyalina?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Ni da maiɗakina mun daɗe a Bronx da ke birnin New York, yara uku, gidan haya mai ɗaki biyu, kuɗin haya kullum gaba yake yi. Allah ya rufa asiri mun tara abin da za mu ba da kafin alƙalami na sayen gida. Hankalinmu ya rabu biyu: ko Westchester, wato su Yonkers, Mount Vernon da New Rochelle, ko Long Island wajen Elmont da Valley Stream. Abin da ya dame ni shi ne dillalinmu. Duk garin da na ambata wanda fararen fata suka fi yawa, sai ya ce wai ba za mu saki jiki a can ba, ya juya mu zuwa unguwannin da ya saba kai mu. Ranar da muka je duba wani gida da kanmu, maƙwabcin ya fito ya tsaya bakin ƙofarsa ya harɗe hannu, idonsa a kan hijabin maiɗakina har muka shiga mota. Tun daga ranar ta ce ita ta haƙura da irin waɗannan garuruwa. Ni kuwa makarantun nake hange. Ku da kuka riga mu fita, me kuka gani?

Maman Khalil: Wa alaikumus salam. Abban Sadiya, ka fara da sallamar dillalin nan. Abin da yake maka tsohuwar sana'a ce, ba kai aka fara yi wa ba. A wani bincike da ta wallafa a 2019, jaridar Newsday ta tura mutane bibbiyu wurin dillalan Long Island, ɗaya fari ɗaya baƙi, kuɗinsu ɗaya, buƙatarsu ɗaya, da kyamara a ɓoye. A kashi 49 cikin ɗari na gwajin da aka yi da baƙaƙen fata an ga alamar bambanci: ko a rage musu gidajen da za a nuna, ko a nemi takardar banki tun kafin a buɗe musu ƙofa, ko a karkata su wata unguwa. Kuma abin yana da tushe. Levittown, wani gari a Long Island da aka fara ginawa a 1947, a rubuce yake cikin takardar haya cewa fararen fata kaɗai za su zauna. An goge rubutun, halin ne bai gama gogewa ba. Ni Valley Stream nake, layinmu akwai 'yan Pakistan, 'yan Haiti, Italiyawa tsofaffi, ga masallaci kusa. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza.

Alhaji Mai Tasi: Ɗan'uwa, ka bi maganar uwargida. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kai za ka fita aiki da asuba, ita da yara ne za su wuni da wannan maƙwabcin. Mount Vernon jirgin ƙasa ɗaya ne zuwa Bronx, baƙaƙen fata ne suka fi yawa, idan an yi suna ko rasuwa cikin 'yan mintuna kana cikin jama'a.

Anti Rabi 'yar Kumasi: Alhaji, da girmanka, ban yarda duka ba. Idan kowa ya ja da baya saboda an zare masa ido, ai an yi wa dillalin aikinsa kyauta ke nan. Mu muna wani ƙaramin gari a arewacin Westchester, kusan mu kaɗai ne baƙaƙe a layin. Ba zan ɓoye maka ba, ƙanena, shekarar farko da ɗaci. 'Yata ta dawo tana kuka don yara sun mai da kitsonta abin taɓawa, sai da na je makarantar na zauna da shugabar. An taɓa kira wa mijina 'yan sanda yana zaune cikin motarsa a ƙofar gidansa. Amma tsohuwar da ke gefenmu, wadda da farko ko gaisuwa ba ta amsawa, yanzu ita ke karɓar mana saƙo idan ba ma nan. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nisan masallaci da Islamiyya, duk Asabar muna kan hanya.

Ga abin da ba a gaya mana ba sai da muka shiga: a nan gundumar makarantu ake saya, ba sunan gari ba. Gida biyu na iya zama da adireshin gari ɗaya amma yaransu na zuwa makarantu daban. Long Island kaɗai gundumomin sun haura 100. Kafin ka sa hannu, ka kira ofishin gundumar ka ba su lambar gidan su tabbatar maka. Sannan ka nemi takardar harajin gidan ta bara. Harajin gida a Westchester yana cikin mafi tsada a duk Amurka, kuma mafi yawansa makarantu ke cinyewa. Na san waɗanda suka iya biyan banki amma haraji ya kore su.

Malam Ɗan Zinder: Ƙarin bayani kan dillalin. Dokar tarayya ta 1968 ta hana nuna bambanci a haya ko sayar da gida saboda launin fata, addini ko ƙasar asali, kuma karkata mai saye zuwa wata unguwa yana cikin abin da ta hana. Daga yau ka riƙa aika masa sunayen garuruwan a rubuce, ya ba ka amsa a rubuce. Kana da shekara ɗaya ka kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, kuma ba sai ka ɗauki lauya ba. Yonkers kuwa ka san tarihinta. A 1985 alƙali Leonard Sand ya yanke hukunci cewa da gangan garin ya cusa gidajen talakawa a kudu maso yamma. Majalisar garin ta yi taurin kai har 1988 aka sa mata tarar da ke ninkuwa kullum, kafin daga baya a gina gidaje 200 a gabas. Har gobe gabas da yamma ba ɗaya ba ne, a farashi da fuskokin mutane. Ka zaga duka biyun da ƙafarka.

Ummu Hanif: Ba wanda ya taɓo maganar riba. Akwai kamfanonin da ke haɗa hannu da kai a sayi gidan ba tare da bashi mai ruwa ba, sai dai takardunsu na ɗaukar lokaci, mai sayar da gidan kuma ba ya jira. Ka fara da su tun yanzu.

Maman Khalil: Na manta. Duk gidan da ya kwanta maka, ka koma layin da yamma lokacin da yara ke wasa a waje, ka gaida mutum biyu ko uku. Ka tafi da Maman Sadiya da hijabinta, kada ka je kai kaɗai.

Abban Sadiya: Allah ya saka muku da alheri. Na karanta mata duka, ta ce za ta duba New Rochelle da Valley Stream, arewacin Westchester dai a kai kasuwa. Dillalin zan rubuta masa yau kamar yadda Malam ya ce. Anti Rabi, idan ba damuwa ki turo mini lambar maigidan ta gefe, ina son jin yadda suka ƙare da 'yan sandan nan.